Duba-Garin da Ba Su da Aljihu

Aikin farko da na yi wa gwamnati surutu ne, kuma har da takardar ɗauka aka ba ni a kansa. Ofishin da ke kula da majigi a Kaduna ne ya ɗauke ni, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara komatsansu, aka ce ni ne mai jawabi. Ga wanda bai riski zamanin ba, majigi mota ce da ke yawo unguwa-unguwa da injin haska hoto. In an idar da sallar magariba sai a kafe sanduna biyu a fili, a ɗaura farin ƙyalle, a tayar da injin wuta, a haska wa jama'a fim kyauta. Fim ɗin ko dai bebe ne ko kuma da Turanci yake magana, wanda a wurin mutanenmu duk ɗaya ne. To nan nawa aikin yake. Ina tsaye gefen mota riƙe da makirfo, duk abin da na ce mutumin cikin ƙyalle ya faɗa, shi ya faɗa, ba mai musu.

Na so aikin nan, ba zan ɓoye ba. Ga kaki mai guga, ga basukur, ga muryata tana shiga gidajen da ko zaurensu ba za a bar ni in wuce ba. In na bi ta kasuwa sai in ji ana kwaikwayon yadda nake jan "jama'a", ni kuwa in ɗaure fuska kamar ban ji ba, alhali kaina ya kusa fin hulata.

Mu biyu ne a motar, ni da Kofur, wani Basakkwace da ya yi yaƙin Bama. Shi ne direba, shi ne kuma mai ɗora fim a inji. Shi ba ya son magana, ni ba na son shiru, saboda haka muka zauna lafiya.

Kowane fim daga Ikko yake zuwa a jirgin ƙasa, cikin gwangwanaye masu faɗi, an manna takarda a jiki da ta faɗi darasin da ke ciki. Ƙa'ida ita ce mai jawabi ya kalle shi a sito da rana kafin a fita da shi. Na bi wannan ƙa'ida wata shida, sai na gane cewa fim ɗin gwamnati duk labari ɗaya ne. Mutum biyu ne kullum, mai wayo da wawa. Mai wayo ya tafasa ruwa, wawa ya sha na kududdufi ya kwanta ciwo. Mai wayo ya shuka auduga a layi, wawa ya watsa tasa ya tashi ba ko wando. Abin da mai jawabi ke bukata kawai shi ne ya gane wane ne wawan, sauran kuwa baki ne. Daga nan na daina wahalar da kaina a sito. In na karanta takardar jikin gwangwani, na gama shiri.

Mahaifina tela ne a Babbar Kasuwa. Bazazzagi ne, ya zo Kaduna ɗauke da kan keken ɗinkinsa tun garin bai wuce bariki da tasha ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya cika duban fuskata in yana yi mini magana. In aka tambaye shi me nake yi, sai ya ce ɗan nan yana bin mota.

Mahaifiyata ta rasu da bazarar shekarar da nake ba da labari, zazzaɓin kwana huɗu. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya karɓi gaisuwa, ya koma kasuwa, ko sau ɗaya ban ji ya ambace ta ba. Bayan sadakar arba'in ya kira ni zaure, ya ce idonsa ya fara gardama wajen zura zare, rumfa kuma tana bukatar mutum.

Ya ce, "Zan zo in ga abin nan da kake yi da idona. In aiki ne, ka ci gaba. In kuwa surutu ne, ka mayar musu da kakinsu ka zo ka hau keke."

A zamanin, in uba ya faɗi haka ba shawara yake nema ba. Ni kuwa na tsani keken ɗinki tun ina ƙarami, na tsani zaman wuri ɗaya, na tsani ƙarar da ba ta barin mutum ya ji muryar kansa. Na kwana uku abinci ba ya yi mini daɗi.

Baba ya zaɓi ranar da majigi zai zo unguwarmu, Kurmin Mashi, wadda a lokacin gidaje ne tsilla-tsilla da gonakin dawa a tsakani. Da na je ofis da safe na tarar da gwangwanaye huɗu sababbin zuwa, takardar jikinsu ta ce tsaftar gida da aikin duba-gari. Na ce alhamdu lillahi. Ba darasin da na fi ƙwarewa a kai kamar wannan, domin kowa a Kaduna yana tsoron duba-gari, ma'aikatan tsaftar nan da ke shiga gida su leƙa randa, su buɗe tukunya, in sun ga abin da bai yi musu ba su rubuta wa maigida sammaci. Namu kaki suke sawa, amma na cikin fim kullum farar riga ce har gwiwa.

Kofur ya buɗe gwangwanin farko, ya daɗe yana duban cikin murfin. An yi wani rubutu a wurin, da'irori da 'yan sanduna.

Ya ce, "Malam, wanga ba rubutun Turawa na ba. Ka dube shi tukuna?"

Na ce, "Kofur, tsafta ai tsafta ce, ko da wane rubutu aka rubuta ta."

Ya rufe gwangwaninsa.

Filin ya cika tun kafin a kira magariba. Maza a gaba da tabarmi, mata can baya, masu gyaɗa da rake sun kewaye. Ruwan farko ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙwari suna ta rububi a hasken inji. Baba ya iso bayan salla da buzunsa a hammata, da tabaransa mai ƙafa ɗaya wanda ya ɗaure ɗaya gefen da zare. Mai unguwa ya matsa masa, ya zauna a sahun farko, daidai inda zan riƙa ganin fuskarsa ko ban so ba.

Kofur ya saki inji. Maimakon kiɗan badujalar da aka saba, sai ga wata sarewa mai kuka da ganga mai amo. Ga duwatsu, ga hazo, ga wani gida mai rufi da ya lanƙwasa sama a kusurwoyi. Mutanen ciki ba Turawa ba ne, ba kuma mu ba ne. Kofur ya matso ya raɗa mini cewa sun yi kama da waɗanda suka yi yaƙi da su a Bama. Ban ko girgiza ba. Na ɗaga makirfo na ce, "Jama'a, yau gwamnati ta kawo muku tsaftar mutanen gabas, don ku san ba ku kaɗai ake dubawa ba."

Aka nuna wani mutum zaune a ƙasa gaban ɗan gajeren tebur, yana cin abinci shi kaɗai, ɗakin kaca-kaca. Na ce to, ga wawan ya samu. Na zage na wanke shi tas, jama'a suna dariya, ina jiran mai wayo ya shigo in ci gaba da abin da na saba.

Mai wayo bai zo ba. Sai aka nuna rijiya a tsakar gida, hayaƙi yana fita daga cikinta. Wata mace ta taso daga ciki, fararen kaya har ƙasa, gashi a sake har gadon baya, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Wasu shida suka biyo ta, maza da mata, duk cikin farare. Suka jeru a bakin rijiya, suka buɗe baki, suka kama waƙa.

Fili ya yi tsit, masu tallan rake ma suka yi shiru. Na dubi Baba, hasken ƙyalle yana wasa a tabaransa. Abin da ya kamata in yi shi ne in ce an yi kuskuren gwangwani, a yi haƙuri, a watse. Amma wanda ubansa ya zo ganin ko aiki yake yi, ba zai tsaya gaban unguwarsu ya ce bai san abin da yake kallo ba. Na sake duban ƙyalle. Fararen kaya ne, takarda kuma ta ce duba-gari.

Na ce, "Jama'a, ga duba-gari nan sun iso!"

Kada a ɗauka ƙarya na shirya da gangan. Fatalwa ba ta zo mini a rai ba sam. A wurinmu fatalwa ita kaɗai take yawo, ba ta ƙungiya, kuma ban taɓa jin wanda ya gamu da ita tana rera waƙa da 'yan amshi ba. Aljanu sun ɗan gifta a raina, amma gwamnati ba ta aiko fim a kan aljanu. Abin da na sani shi ne duk abin da ya fito daga gwangwanin gwamnati darasi ne, in ban gan shi ba to ni ne ban duba da kyau ba.

Da na duba da kyau kuwa sai darasi ya yi ta fitowa. Masu fararen kaya suka ratsa bango suka shiga ɗaki, na ce, "Kun gani? Na can ba sa jiran a ce su shigo. Ku gode Allah namu suna sallama." Suka sunkuya kan wasu kwanukan shinkafa da aka jera gaban kyandir suna shaƙar tururin, na ce suna binciken ko abincin ya kwana. Wasu manyan kifaye suka shigo ta taga suna iyo a iska, suka kewaya ɗakin suka fita ta ƙofa, na ce wannan shi ne sakamakon barin rijiya a buɗe. Farin wata ya sauko daga sama ya faɗa cikin tukunya, wani tsoho a cikinsu ya sa ludayi yana juya shi, na ce tukunyar da ba murfi ba abin da ba zai faɗa cikinta ba. Suka hau rufi suna rawa, wasu ƙafa a sama kai a ƙasa. Ɗaya ya cire kansa ya ajiye a kan faranti, kan yana waƙa, gangar jikin tana buga ganga. Nan na ɗan yi tari. Sai na ce wannan shi ne shugabansu, aiki ya yi masa yawa har sai da ya rabu biyu.

Jama'a suka dinga faɗuwa don dariya. Ban taɓa riƙe taro a tafin hannu irin na ranar ba. Kafin a kai gwangwani na uku ni kaina na fara yarda da abin da nake faɗa, har ina jin haushin mutanenmu da ba su kai na gabas tsafta ba.

A gwangwani na uku ne macen farko ta rabu da sauran. Ta koma ɗakin mutumin nan mai cin abinci, ta zauna a bayansa dab da shi, ta kama wata doguwar waƙa ita kaɗai, ba ganga. Ta miƙa hannu za ta gyara masa wuyan riga, hannun ya wuce ta cikinsa. Shi bai waiwaya ba, ya dai ɗan ja rigarsa kamar wanda iska ta taɓa, ya ci gaba da cin abincinsa. Waƙar ta yi tsawo, kuma mai jawabi ba ya barin wuri ba magana. Na ce, "Tana karanta masa laifuffukansa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa taurin kai ya hana shi ko waiwayowa. Ku bar shi, sammaci na nan tafe." Aka kwashe da dariya har da masu tafi. Na saci kallon Baba. Ba ya dariya, ya dai sunkuyo gaba, ya riƙe tabaransa da hannu yana ƙura wa ƙyalle ido.

A ƙarshe zakara ya yi cara a cikin fim, masu fararen kaya suka koma rijiya ɗaya bayan ɗaya, macen ce ta ƙarshe. Na ce sun tashi daga aiki, sun koma ofis. Mai unguwa ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce gobe duk rijiyar da ba murfi a Kurmin Mashi mai ita zai gamu da shi. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko namu ma za su fara shigowa ta bango, don ta janye gadonta. Baba ya naɗe buzunsa ya wuce masallaci, bai ce mini uffan ba. Na ɗauka shirun nasa yabo ne, domin uba ba ya yabon ɗan fari, na yi barci har da munshari.

Da safe na same shi a zaure yana shirin fita kasuwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bango kamar kullum.

Ya ce, "Kai, mutanen nan na jiya masu fararen kaya, me ka ce aikinsu?"

Na ce, "Duba-gari ne, Baba."

"Duba-gari. A ina suke sa takardar sammacin?"

Ban gane inda ya dosa ba.

Ya ce, "Rigarsu ba aljihu, ba maɓalli. Ba a kalmashe bakin hannu ba, ba a kalmashe ƙasa ba, zare yana ta reto. Ɗinkin kuma tsallake-tsallake, na wanda ya san ba za a taɓa wanke rigar ba, ba kuma mai zuwa ya ce ta ɓarke. Yankan ba irin namu ba ne, amma na san abin da ke ran mai allurar. Shekara talatin in aka yi rasuwa a unguwar nan ni ake kawo wa alawayyon likkafani. Ba a yi wa mai rai wannan ɗinkin."

Rijiyar, da bangon, da hannun da ya wuce ta cikin riga, duk suka dawo mini a lokaci ɗaya, kowanne ya zauna a mazauninsa. Mutum ɗari nawa ne a filin nan, da ni mai takardar makaranta, amma sai telan da ba ya ganin kafar allura ne ya ga abin da aka haska.

Ya ce, "Matattu ka tara wa mutane a fili, ka ce su rufe tukunya."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na fara tunanin wanda zan bar wa basukur.

Ya ci gaba, "Matacce dai ba ya dawowa, wannan kowa ya sani. Shirme ne na mutanen da wa'azi bai kai musu ba." Ya sa takalminsa, ya ɗauki almakashinsa da ke naɗe a tsumma, ya kai bakin ƙofa. Sai ya tsaya, bai juyo ba. "Abin nan, ana iya sake haska shi?"

Na ce ana iyawa.

"To da rana, ba taro. Kuma ka bar ƙarfen maganar nan naka a mota."

A ofis na tarar labari ya riga ni. Mai unguwa ya aiko da godiya tun da sassafe, Baturen da ke shugabantarmu ya kira ni ya yaba mini, ya ce irin wannan himma ake so. Da Kofur ya nuna masa murfin gwangwani sai ya juya shi sama da ƙasa, ya tafi da shi wurin wani abokinsa, ya dawo ya ce rubutun mutanen Koriya ne, ƙasar nan da muka sha jin yaƙinta a rediyo. An haɗa kaya ne a wani wuri can bakin teku, namu na tsafta kuma Allah kaɗai ya san garin da ake kallonsa. Ya ce a mayar da shi a jirgin jibi. Bai tambayi abin da ke ciki ba, ni kuma ban ga dalilin ɗora masa nauyin sani ba.

Na ja Kofur gefe na ce, "Kai ka san ko mene ne?"

Ya ce, "Tun hwarko. Can gabas mun ga suna aje ma matattunsu abinci da kyandir."

"Shi ne ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce, "Kai ad da abin magana, Malam."

Washegari bayan azahar Baba ya rufe rumfa, abin da ba ya yi sai in an yi rasuwa, ya zo sito. Muka toshe tagogi da barguna, muka rataya ƙyalle a jikin bango. Zafi kamar a gasa gurasa. Na kawo masa kujerar ofis ya ƙi, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Kofur ya saki inji, ni kuma na raɓe a gefe, hannuwana ba abin riƙewa.

Ranar na fara jin waƙoƙin, domin shekaranjiya muryata ta danne su. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma da na rufe baki sai labarin ya fito da kansa. Akwai wani hoto rataye a ɗakin mutumin, ashe na macen ne. Kwanukan shinkafar ita aka ajiye wa. Sauran shidan maƙwabtanta ne na can inda take, sun rako ta ganin gida, kuma da alama mutuwa ba ta hana su shashanci ba. Wurin kifaye Baba ya yi tsaki. Wurin kan da ke waƙa a faranti ya ce a'uzu billahi. Amma bai tashi ba.

Da aka zo inda ta zauna a bayan mijin, ya ƙura ido har waƙar ta ƙare. Sai ya ɗaga hannu.

Ya ce wa Kofur, "Bawan Allah, ana iya maido nan?"

Maido fim a injin nan aiki ne, sai an tsayar an naɗe da hannu. Kofur, wanda ko Bature ya sa shi haka sai ya yi gunaguni, ya naɗe bai ce komai ba. Ta sake zama, ta sake miƙa hannu, mijin ya sake jan rigarsa.

Baba ya ce, idonsa a kan ƙyalle, "Kai, me take ce masa?"

Na ce, "Baba, ban sani ba. Ba na jin yarensu."

"Shekaranjiya ma ai ba ji kake ba."

"Shekaranjiya ƙirƙira na yi."

Ya ce, "To ƙirƙiro mana. Ba shi ne aikin naka ba?"

Na yi shekaru ina riƙe da makirfo bayan wannan rana, har a gaban manyan da in na faɗi sunansu za a ce alfahari nake, amma harshena bai taɓa yi mini nauyi irin na cikin siton nan ba. Kofur ya sake naɗewa. Da ta buɗe baki na bi ta a hankali, na zaɓo kalmomin da na ga sun fi kyau. Na ce, "Malam, ka ci abinci da zafinsa. Malam, ka rame. Ina nan lafiya inda nake, kada ka sa damuwa a ranka. Na yafe maka duniya da lahira, ni ma ka yafe mini." Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa, na ce a raina ban taɓa tsara magana mai kyau haka ba.

Baba ya saurara har na gama, sannan ya girgiza kai.

Ya ce, "Ba ita ba ce. Wannan wata ka samo. Uwarka ta ga mutum zaune cikin wannan ƙazanta, hula a karkace, ta tsaya tana lallashinsa? Da tsiya za ta fara." Ya yi gyaran murya. "Bawan Allah, a yi haƙuri a maido."

Tun da ta rasu, ranar na fara jin ya ambace ta. Kofur ya naɗe, hasken ya dawo, macen ta zauna a bayan mijinta. Na rufe ido na nemo muryar da ta tashe ni kowace safiya shekara ashirin da wani abu, ban sha wahalar samunta ba.

Na ce, "Malam, wannan wace irin rayuwa ce? Wata biyu kacal ka mai da mini ɗaki rumfar kasuwa. Wa ya ce ka ba ƙanwarka tukunyar miyata? Tuwon jiya kake ci ba ɗumame, sai cikinka ya murɗa ka ce sammu ne. Dubi wuyan rigarka don Allah, wai kai ne tela. Ina yi maka magana ka ba ni ƙeya, halinka ke nan tun ina amarya."

A jikin ƙyalle hannunta ya wuce ta cikin rigar, mijin ya ɗan ja kafaɗa. Baba ma ya kai hannu ya gyara wuyan tasa rigar. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ni yake ba, ba kuma da Kofur ba.

Ya ce, "To ai ke kika tafi."